Yadda Jijiyoyi ke Gane Hanyarsu a Ƙwaƙwalwar Ɗan Tayi

Gabatarwa

Ƙwaƙwalwar baligi tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin miliyar 86, wato miliyan dubu 86, kuma galibinsu suna haɗuwa da dubban ƴan uwansu. Ƙwayoyin gadon da ke tsara furotin a jikin ɗan Adam kuwa ba su wuce kimanin dubu 20 ba. Idan aka ɗora waɗannan alƙaluma biyu a kan sikeli, za a ga ba zai yiwu a ce gado ya rubuta wa kowace jijiya sunan abokiyar haɗinta ba. Duk da haka jijiyar ido tana isa cibiyar gani, ta kunne tana isa cibiyar ji, kuma wadda za ta motsa harshe ba ta ƙarewa a tafin ƙafa. Yadda wannan gini ke kammaluwa cikin duhun mahaifa yana daga cikin manyan tambayoyin kimiyyar ƙarni na 20.

Ɗalibin kimiyyar harshe yana da rabo a wannan tambaya. Duk abin da ake nazarta a tsarin sauti da ƙirar kalma da ginin jumla yana gudana ne a kan hanyoyin da aka fara shimfiɗawa tun kafin yaro ya ji kalmarsa ta farko. Tafiyar iri biyu ce: akwai ƙaurar ƙwayar jijiya ita kanta daga mahaifarta zuwa mazauninta, akwai kuma tafiyar zaren da take miƙawa zuwa inda za ta isar da saƙo.

Ƙwayar jijiya da mahaifarta

Ƙwayar jijiya tana da sassa uku. Akwai gangar jiki, inda cibiyar ƙwayar take. Akwai gajerun rassa masu karɓar saƙo. Akwai kuma zare guda ɗaya mai fitar da saƙo, wanda masana ke kira akson. Tsawon wannan zare ya bambanta ƙwarai: wani bai kai milimita ɗaya ba, wani kuma, kamar wanda ke tashi daga ƙarshen laka zuwa yatsan ƙafa, yakan kai mita ɗaya. Wurin da zare ya sadu da wata ƙwaya shi ne mahaɗa.

A mako na uku bayan shigar ciki, wani shafi na ƙwayoyin halitta a bayan ɗan tayi yakan fara naɗewa, ya zama bututu wanda ke rufewa a ƙarshen mako na huɗu. Gaban bututun shi ke zama ƙwaƙwalwa, sauran ya zama laka. Ana haifar ƙwayoyin jijiya a bangon ciki na bututun, daf da kogon da ke tsakiyarsa, amma yawancinsu ba nan za su zauna ba. Waɗanda za su gina ɓawon ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗar nan mai lanƙwashe-lanƙwashe inda ake sarrafa gani da ji da magana, sai sun yi ƙaura zuwa waje. Mafi yawan wannan ƙaura tana aukuwa ne tsakanin wata na uku da na biyar na ciki.

Ƙaura a kan igiya

A shekarar 1972 Pasko Rakic, wanda ke nazarin ƙwaƙwalwar ƴaƴan birai a Amurka, ya nuna yadda ƙaurar ke gudana. Akwai wasu dogayen ƙwayoyi da ake kira giliya, waɗanda ƙafarsu ke kafe a bangon ciki, kansu kuma ya kai har saman ƙwaƙwalwa. Sabuwar ƙwayar jijiya takan rungumi wannan igiya ta hau, kamar mai fitowa daga rijiya. Tana fara miƙa hannu gaba, sannan ta jawo cibiyarta, sannan ta janye bayanta, ta sake maimaitawa. A farkon shekarun 2000 aka gano ƙarin abin mamaki: waɗannan giliya su ne iyayen mafi yawan ƙwayoyin da ke hawa kansu. Uwa ce ke haihuwa, ita ce kuma tsani.

Ɓawon ƙwaƙwalwa yana da hawa shida, kuma tsarin cika su ya saɓa wa abin da hankali zai fara kawowa. Tun 1961 Angevine da Sidman suka nuna a jikin ɓeraye cewa ƙwayoyin da aka fara haifa su ke zama a hawa na ƙasa, na bayansu kuma su ratsa ta cikinsu su zauna a samansu. Ƙanne ke wuce yayye, har ƴan auta su kasance kusa da sama. Lokacin haihuwar ƙwaya yana da alaƙa da aikinta: na hawan ƙasa sun fi aika zare zuwa wurare masu nisa kamar laka, na hawan sama sun fi haɗa sassan ɓawon da junansu.

Wane ne ke gaya wa matafiyiya ta sauka? Amsar ta fito daga wani ɓera da Douglas Falconer ya bayyana a Edinbara a 1951, wanda ke tafiya yana tangaɗi kamar mashayi. Da aka duba ƙwaƙwalwarsa, sai aka tarar hawa-hawan sun kusan kifewa, domin sababbin ƙwayoyi sun kasa wuce tsofaffi. A 1995 aka gano ƙwayar gadon da ta lalace, aka sa wa furotin ɗinta suna rilin. Wasu ƙwayoyi ne da ke can saman ɓawon, masu ɗauke da sunan Cajal da Retzius, ke fitar da shi, kuma da shi masu hawa ke kammala tafiyarsu su jeru yadda ya dace.

Ba kowa ke bin igiya ba. Ƙwayoyin da aikinsu shi ne rage zafin saƙo, don kada ƙwaƙwalwa ta rikice da tartsatsi, ana haifar mafi yawansu a can ƙasan gaban ƙwaƙwalwa, sai su yi doguwar tafiya a kaikaice su shigo ɓawon ta gefe. An tabbatar da haka a ɓeraye a 1997. Mafi ban mamaki kuwa su ne ƙwayoyin da ke tayar da balaga. A 1989 aka gano cewa a hanci ake haifar su, daga nan su bi zarurrukan jin ƙanshi su shiga ƙwaƙwalwa. Idan zarurrukan ba su isa ba, su ma sai su maƙale a hanya. Wannan ya warware wata tsohuwar matsala, ta cutar da Franz Kallmann ya bayyana a 1944, inda mutum ba ya jin ƙanshi kuma ba ya balaga. Alamomi biyu da ake ganin ba abin da ya haɗa su, ashe ayari ɗaya ne ya yanke.

Kan tsiro

Bayan ƙwaya ta sami mazauni, wani lokacin ma tun tana hanya, sai ta fara miƙa zarenta. A 1890 Santiago Ramón y Cajal na ƙasar Sifen, yana duban lakar ɗan tsako a madubin ƙara girma, ya lura cewa kowane zare mai tsiro yana ƙarewa da wani kumburi mai yatsu. Abin da ke gabansa matacce ne, an rina shi, ba ya motsi, amma daga siffarsa kaɗai ya yi hasashen cewa wannan kai ne ke lalube yana neman hanya, kuma wasu sinadarai da ke fitowa daga masauƙi ne ke jawo shi. A 1907 Ross Harrison na Amurka ya raya guntun jijiyar ɗan kwaɗo a cikin ɗigon ruwan jiki, ya ga kan tsiron da ransa yana rarrafe.

Kan tsiro ya yi kama da tafin hannu. Yatsunsa suna fita suna komawa ba hutu, suna taɓa duk abin da ke kewaye. A fatarsu akwai makarɓai, wato furotin ɗin da ke gane wani sinadari na musamman. Idan yatsan dama ya ci karo da sinadari mai kira, sai ƙashin ginin da ke cikinsa ya ƙarfafa, kan ya karkata dama. Idan mai kora ne, sai yatsan ya rushe, kan ya juya. Zare yana tsiro a bayansa da saurin da bai wuce kimanin milimita ɗaya a yini ba.

Doguwar tafiya kuma ana yanka ta zango-zango. An fi ganin haka a ƙafar ɗan tayin fara, inda Michael Bate ya nuna a 1976 cewa zarurruka biyu ne ke fara ratsa ƙafar zuwa tsakiyar jiki, sauran su biyo sawunsu. Daga baya David Bentley ya gano cewa waɗannan na gaba suna tafiya ne daga wata ƙwaya ta musamman zuwa wata, kuma da ya ƙone ɗaya daga cikin ƙwayoyin da haske mai ƙarfi, sai zaren ya yi ta dawurwura a wurin. Kamar ayarin gishiri ne mai bin Tenere zuwa Bilma: madugu ya san rijiyar da ke gaba, sauran raƙuma kuma suna ɗaure da na gabansu. Akwai kuma wata hikimar: na gaba suna tashi ne tun jiki yana ƙarami, lokacin da tazarar ba ta da yawa, sannan zaren ya yi ta miƙewa yayin da jiki ke girma.

Kwaɗon da bai koyi darasi ba

A farkon ƙarni na 20 masana da yawa sun ɗauka cewa jijiyoyi suna haɗuwa ne barkatai, sannan amfani da koyo su gyara su. Roger Sperry ya gwada wannan ra'ayi a shekarun 1940. Kwaɗo, saɓanin ɗan Adam, jijiyar idonsa tana sake tsiro idan an yanke ta. Sperry ya yanke jijiyar, ya juya idon ya koma sama a ƙasa, ya jira zarurrukan suka sake haɗuwa da ƙwaƙwalwa. Da a ce amfani ne ke tsara haɗin, da sun nemi sababbin wurare da za su daidaita gani. Amma kowane zare ya koma tsohon gurbinsa. Idan ƙuda ya gitta ta sama, kwaɗon sai ya kai cafka ƙasa. Idan ya zo ta gaba, sai ya juya baya. Komai daɗewa bai gyara ba.

A 1963 Sperry ya tsara bayaninsa: ƙwayoyin ido da na ƙwaƙwalwa suna ɗauke da alamomin sinadari da suke gane juna da su. Ya kuma hango cewa ba sai kowace ƙwaya ta mallaki nata sinadari daban ba. Ya isa a sami sinadari ɗaya wanda yawansa ke ƙaruwa sannu a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, da wani wanda ke ƙaruwa daga sama zuwa ƙasa. Da ma'auni biyu ana iya bai wa kowane wuri adireshi, kamar yadda layukan taswira ke yi.

Alamomin hanya

An ɗauki kimanin shekara 30 kafin a kama sinadaran da hannu. A shekarun 1990 aka gano manyan iyalai huɗu.

Na farko shi ne netirin. Marc Tessier-Lavigne da abokan aikinsa sun tace shi daga ƙwaƙwalen dubban ƴan tsaki a 1994, suka ɗauko sunan daga wata kalmar Sansikirit mai nufin jagora. Sai aka tarar ɗan uwan wani furotin ne da aka riga aka sani a jikin wata ƴar mitsitsiyar tsutsa, inda yake irin wannan aiki. Na biyu shi ne samaforin, wanda aka ciro sunansa daga alamar tuta da ake yi wa jiragen ruwa da na ƙasa. A 1993 ɗakin binciken Jonathan Raper ya nuna cewa ɗigonsa kaɗan yana sa kan tsiro ya rushe ya ja da baya. Na uku shi ne silit, mai kora, wanda aka fara ganowa a ƙudan ƴaƴan itace. Na huɗu shi ne efirin, wanda ba ya yawo, yana manne ne a fatar ƙwaya, sai an taɓa shi yake aiki.

Waɗannan sinadarai ba sa ɗauke da ma'ana a karan kansu. Netirin yana kiran zaren da ke da makarɓi mai suna DCC, amma yana korar wanda ke da makarɓi UNC5. Mu-ming Poo ya nuna a ƙarshen shekarun 1990 cewa ko zare ɗaya ne, idan aka sauya yawan wani sinadari a cikinsa, abin da ke kiransa jiya sai ya kore shi yau. Wanda ya karanci Ferdinand de Saussure ba zai ga baƙon abu a nan ba. Kalmar da ake rubutawa «hari» ruwa ce ga Bazabarme, farmaki ce ga Bahaushe. Tsarin da ke kan mai sauraro shi ke yanke hukunci. Ta haka alamomi ƙalilan ke iya jagorantar zarurruka iri-iri a fili ɗaya, kowane yana karanta abin da makarɓansa suka ba shi damar karantawa. Sinadaran nan kuma su ne dai ke yi wa ƙwayoyi masu ƙaura jagora: masu shigowa ɓawon ƙwaƙwalwa ta gefe suna kauce wa yankin da ba nasu ba ne saboda samaforin ɗin da ke cikinsa.

Bayanin bai tsaya cak ba. An daɗe ana koyar da cewa netirin yana bazuwa daga nesa kamar ƙanshin tuya, zare ya bi shi har tushe. A 2017 bincike biyu a kan ɓeraye suka nuna cewa a wurare da dama wanda ya fi muhimmanci shi ne netirin ɗin da aka shafa a kan hanyar kanta, wanda zare ke takawa.

Ƙetare tsakiya

Jikin ɗan Adam ɓari biyu ne, kuma dole su san halin juna. Gadar da ke haɗa ɓarin dama da na hagu na ƙwaƙwalwa ita kaɗai tana da zarurruka kimanin miliyan 200. Zarurrukan da ke saukowa daga ɓawon ƙwaƙwalwa don motsa gaɓoɓi su ma mafi yawansu suna ƙetarawa a ƙasan ƙwaƙwalwa, shi ya sa ɓarin hagu ke sarrafa hannun dama. Wannan ne dalilin da ya sa mai shanyewar ɓarin jiki na dama ya fi fuskantar ɗaukewar magana, tunda cibiyoyin harshe a wajen mafi yawan mutane suna hagu.

Ƙetarawa tana da sarƙaƙiya. Tsakiya dole ta jawo zare, amma idan ya iso dole ya bar ta, kuma kada ya dawo. Ƙudan ƴaƴan itace ne ya tona asirin. A 1993 ɗakin binciken Corey Goodman ya sami ƙudaje iri biyu masu naƙasa. A ɗaya, zarurruka suna ƙetarawa su dawo su sake ƙetarawa, suna kewaya wuri ɗaya kamar mota a shataletale. Daga nan aka sa wa ƙwayar gadon suna robo. A ɗayan kuwa babu zaren da ke ƙetarawa sam. Bayani ya fito daga baya. Tsakiya tana fitar da mai kira da mai kora a lokaci guda, wato netirin da silit. Robo shi ne makarɓin silit. Kafin ƙetarawa, wani furotin yana tsare robo a cikin zare, ya hana shi fitowa fata, don haka zaren ba ya jin kora. Da ya ƙetare sai a saki robo, wurin da ya jawo shi ɗazu ya zama abin gudu. Tsakiyar ba ta sauya ba, matafiyin ne ya sauya kunne.

A jikin ɗan Adam akwai furotin ROBO3 mai taimaka wa ƙetarawa. A 2004 aka gano cewa waɗanda suka gaji lalacewarsa daga uwa da uba, manyan hanyoyin motsi da na jin taɓi ba sa ƙetarawa a jikinsu; ba sa iya juya ido dama da hagu, kuma ƙashin bayansu yana karkacewa. Masu lalacewar DCC kuwa, idan suka motsa yatsun hannu ɗaya, na ɗaya hannun sai su motsa ba da nufinsu ba, domin wani kaso na umarnin ya sauka ɓarin da bai kamata ba.

Taswirar ido da ta kunne

Hasashen Sperry ya tabbata a Tubingen ta Jamus. A 1987 Friedrich Bonhoeffer ya shimfiɗa fatar ƙwayoyin gaban cibiyar gani da ta bayanta a jere, layi bayan layi, ya saki zarurrukan idon ɗan tsako a kai. Waɗanda suka fito daga gefen ido na wajen kunne suka bi layukan gaba kaɗai. Da aka dumama fatar baya har furotin ɗinta ya lalace, sai suka daina zaɓe. Ashe gudun baya suke yi. A 1995 aka gano cewa efirin ne, wanda yawansa ke ƙaruwa daga gaba zuwa baya, yayin da makarɓinsa ke ƙaruwa daga wannan gefen ido zuwa wancan. Zare mai makarɓai da yawa yana tsayawa da wuri, mai kaɗan yana nutsawa can ciki. Maƙwabta a ido sai su zama maƙwabta a ƙwaƙwalwa.

Kunne ma yana da tasa taswirar. A cikin katantanwar kunne, gindinta yana amsa sauti mai kaifi, ƙarshenta yana amsa mai kauri, kuma wannan jeri yana nan a kowane zango har zuwa cibiyar ji. Bambance wasali da wasali, da jin hawa da saukar karin sauti, duk suna dogara da bayanin da ke bi ta wannan jeri.

A mararrabar jijiyoyin ido, fiye da rabi kaɗan na zarurrukan kowane ido suna ƙetarawa, sauran su tsaya a ɓarinsu. A jikin zabiya, ƙarancin launi a bayan ido yana sa waɗanda ke ƙetarawa su yi yawa fiye da ƙima. Wannan, tare da rashin cikar tsakiyar tantanin gani da rawar ido, shi ke raunana ganinsu. Yaro zabiya da ke kasa karanta allo daga bayan aji matsalarsa ta ido ce, basirarsa lafiya lau. Abin da yake buƙata shi ne kujerar gaba da manyan haruffa.

Idan ayari ya watse

Ƙaurar ƙwayoyi ma tana iya lalacewa. Idan ƙwayar gado LIS1, wadda aka gano a 1993, ta sami matsala, ƙwayoyi ba sa iya jawo cibiyarsu yadda ya kamata. Ɓawon ƙwaƙwalwa sai ya fito sumul babu lanƙwasa, da hawa huɗu maimakon shida, yaron ya tashi da farfaɗiya da jinkirin girma mai tsanani. Wata ƙwayar gadon, DCX, idan ta lalace a jikin ƴa mace, wani kaso na ƙwayoyin yakan isa, wani ya tsaya a rabin hanya ya yi shimfiɗa ta biyu a ƙarƙashin ta farko. Ba gado kaɗai ke jawo haka ba. Shan giya lokacin ciki yana dagula ƙaura, haka ma ƙarancin aidin a abincin uwa, domin sinadarin da maƙoshi ke yi da aidin yana cikin masu tafiyar da ginin. Gishiri mai aidin da ake kira a yi amfani da shi yana kare abin da ya wuce maƙoƙo.

Hanyoyin harshe

Paul Broca a 1861 da Carl Wernicke a 1874 sun nuna yankuna biyu a ɓarin hagu, ɗaya a gaba mai alaƙa da furta magana, ɗaya a baya kusa da cibiyar ji mai alaƙa da fahimtarta. Damman zarurruka ne ke haɗa su, wasu ta ƙasa, wasu ta sama a lanƙwashe kamar baka. A 2008 James Rilling ya kwatanta damin sama a mutum da birai, ya tarar na mutum ya fi nutsawa nesa cikin yankin da ke ajiye ma'anar kalmomi. A 2011 Daniela Perani da Angela Friederici da abokan aikinsu suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar jarirai ƴan kwana biyu. Hanyar ƙasa tana nan, haka ma reshen sama mai haɗa ji da motsin baki, wanda gwalantun jariri ke buƙata. Reshen da ke shiga yankin Broca kansa kuwa bai nuna ba tukuna. Shekaru yake ɗauka yana ƙosawa, kuma Friederici tana danganta ƙosawarsa da iya fahimtar jumloli masu sarƙaƙiya.

Nazarin matsalar karatu ya bi wannan sawu. A 1979 da 1985 Albert Galaburda ya duba ƙwaƙwalen wasu mamata da suka yi fama da wahalar karatu duk da lafiyar hankalinsu, ya tarar da ƴan tarin ƙwayoyi da suka zarce mazauninsu, galibi a yankunan harshe na hagu. A 2005 aka danganta matsalar da ROBO1 a wani dangi a Finlan, da kuma DCDC2, ƴar uwar DCX. Sai dai ƙwaƙwalen da aka duba kaɗan ne, kuma ɓerayen da aka cire wa wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyin gado ba su nuna matsalar ƙaura ba, don haka muhawara tana nan. Haka FOXP2, wadda aka gano a 2001 a wani dangi a Landan da kusan rabinsu ke da wahalar jera motsin furuci. Jaridu sun yi mata laƙabi da ƙwayar gadon harshe, alhali tsuntsaye da ɓeraye ma suna da ita. Aikinta shi ne kunna wasu ƙwayoyin gado da kashe wasu, cikinsu har da masu tafiyar da tsiron zare.

Abin da kunne ke ƙarasawa

Alamomin sinadari suna kai zare unguwar da ta dace, amma ba su ke zaɓar ƙofa ta ƙarshe ba. Ƙwaƙwalwa tana fara gini da rara: ƙwayoyi fiye da buƙata, mahaɗai fiye da buƙata. Rita Levi-Montalcini ta gano a shekarun 1950 cewa masauƙi yana fitar da wani abincin jijiya, wadda ba ta samu ba sai ta mutu. Mahaɗai kuma aiki ke tace su. Waɗanda ke tashi tare suna ƙarfafa, marasa amfani suna zubewa. David Hubel da Torsten Wiesel sun nuna a shekarun 1960 cewa ɗan kyanwar da aka rufe wa ido ɗaya a watannin farko, idon yana rasa gurbinsa a ƙwaƙwalwa ko da an buɗe shi daga baya, alhali babbar kyanwa ba ta yin wannan asara.

A fagen harshe, Janet Werker da Richard Tees sun gwada jariran gidajen masu Ingilishi a Kanada a 1984. Sun jiyar da su tunkuɗau biyu na wani harshen ƴan asalin ƙasar, ɗaya bahanɗe mai kama da /ƙ/ ta Hausa, ɗaya kuma daga can baya kusa da beli. Ƴan wata 6 zuwa 8 sun bambance su, ƴan wata 10 zuwa 12 galibinsu sun daina. Wannan shi ke bayyana yadda ɗan Bahaushe ke raba /k/ da /ƙ/, ko /d/ da /ɗ/, ba tare da an koya masa ba, yayin da baƙon da ya zo da girmansa ke shan wahala kafin ya ji bambancin kafa da ƙafa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kammalawa

Ginin ƙwaƙwalwa yana tafiya ne da ƙa'idoji ƙalilan da ake maimaitawa: igiyar hawa, jerin haihuwa, kira da kora, zango bayan zango, makarɓin da ke sauyawa a hanya, sannan tacewa ta hanyar aiki. Daga waɗannan ake samun haɗin da ba ya ƙirguwa, kamar yadda baƙaƙe da wasula ƴan kaɗan ke haifar da kalmomin harshe duka. Gado yana shimfiɗa hanyoyin, amma babu yaron da ake haifa da Hausa ko Zabarmanci ko Tamajak a kansa. Abin da ya ji shi ke ƙarasa ginin, kuma lokacin yana da iyaka. A yankin da sanƙarau ke kurumtar da yara tun suna ƙanana, wannan magana tana da nauyi. Binciken da aka yi a kan kurame ya nuna cewa wanda ya sami harshen farko da wuri, ko da na hannu ne, ya fi ƙwarewa a ginin jumla bisa wanda ya same shi a makare. Yaron da ya rasa ji yana buƙatar maganar hannu tun a shekarunsa na farko, kafin a kai ga batun makaranta.